Jan Biron Taubashina

Taubashina, ɗan goggona da ke Maiyama, shi ya koya mini karatun manga, kuma shi ne mutumin da na fi jin haushinsa a duniyar nan. Ba na ɓoyewa. Sa'o'in juna ne mu. Tun muna yara yake fizge mini hula a gaban mutane, ya tsame mini nama a kwano, in na buɗe baki a ce, "Haba, taubashinka ne fa." Kowa ya san dokar. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji duk abin da aka yi wasa ne, wanda ya yi fushi kuwa shi ya yi abin kunya. Ni in ce masa bawana, shi ya ce ni ne bawan, a haka muka girma.

Ina karatu a jami'ar Aliero ya zo mini da abin a wayarsa. Labarai ne na zane na mutanen Japan, baƙi da fari, daga dama ake farawa kamar allo. Ya tura mini guda uku, kafin mako ya zagayo na cinye su na nemi ƙari. Daga nan muka samu sabon abin faɗa.

Shi labaran faɗa yake so. In ba a zare takobi ba, in ba a rushe dutse da naushi ɗaya ba, to a wurinsa ba a fara labari ba. Ni kuma waɗannan sun ishe ni tun da wuri. Yaro ya yi ihu, gashinsa ya miƙe, ya sha kashi, ya tuna da abokansa, ya tashi ya rama. Babi arba'in ana dambe ɗaya! Ba mai zuwa gona, ba mai cin tuwo, ba wanda uwarsa ke aikensa. Na soyayya kuwa mu duka biyu muke raina su a baki, kowa yana karantawa a ɓoye, na taɓa kama shi. Na ban tsoro ya ce yana so, ƙarya yake, rufe rabin wayar yake da hannu. Na 'yan ƙwallo ne kaɗai muke zama lafiya a kansu.

Ni waɗanda suka kama ni su ne masu tafiya a hankali, waɗanda ba abin da ke faruwa a cikinsu sai zaman duniya. Akwai wani na wani tsoho mai gyaran kwalekwale, shafi huɗu yana fere katako ɗaya, ba ko magana. Na nuna wa taubashina. Ya ja shafukan da babban yatsa, fuu, ya miƙo mini wayar.

"Yaushe za a kashe shi?"

"Ba a kashe shi."

"To mi aka zana shi ya yi? Kai wallahi ko a labari ƙauye kake nema."

Haka yake karatu. Ba ya kallon zane, farautar jini yake. Na sha gaya masa.

A shekarata ta biyu babana ya rasu. Manomin albasa ne, gonarmu tana fadamar Aliero ko da yake a Jega muke zaune. Mutum ne da bai yarda a ɗauke shi hoto ba. Da ya ga an ɗaga waya sai ya juya baya. Hoton katin shaidarsa kuwa zufar aljihu ta cinye shi, sai wani baƙin dunƙule. Bayan wata shida na farga da abin da ya tayar mini da hankali: na fara manta fuskarsa. Ina jin muryarsa, ina ganin hannuwansa, amma fuskar sai ta narke in na matsa kusa.

Shi ya sa na sayi littafin zane da fensir na fara nawa mangan. Labarin wani tsoho ne da albasarsa, daga dashe zuwa ranar da za a zuba ta a rudu, rumbun karan da ake ajiye ta. Fangali, wato komin dashe, da ban ruwa, da tsutsa, shi ke nan. Duk littafin hanya ce kawai ta neman fuskar nan. Na zana ta ta ƙi, na goge har takarda ta huje. Sai wata rana da hantsi, a shafi na talatin da ɗaya, ta fito. Yana tsugune, dashe a hannunsa na dama, malfa a kai, ya ɗan karkata wuya ya ɗago kamar an kira shi. Shi ne. Na gwada sake ta a wata takarda don in ajiye biyu, ba ta sake fitowa ba, har yau. Ban nuna wa kowa ba, ko Inna, don ina jira in gama.

Aka yi suna a gidan goggona a Maiyama, muka tafi. Littafin yana cikin jakata, don ba na rabuwa da shi. Na shiga gaida mata, na fito, sai na tarar da taubashina yana ɗaga shi sama a tsakiyar samari.

"Jama'a, bawana ya zama mai zane!"

Na ce ya ba ni. Ya ce sai ya duba aikin bawansa. Na kai hannu, ya cusa shi cikin riga ya haye babur. Kowa dariya. Wani dattijo ma har da tafi, yana cewa haka suka yi a zamaninsu. Ni ma na yi yaƙe, don in na ɓata fuska a gidan suna sai a shekara ana ba da labarina. Wannan yaƙen shi nake cizon yatsa a kansa. Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da a gaban mai jego zan kayar da shi.

Kwana shida ina kiransa. "Ina kan gyara," in ji shi, ya kashe. Na ɗauka tsokana ce.

Ranar kasuwar Jega ya shigo gidanmu bayan azahar. Inna tana tsakar gida a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya juyo ya cillo mini littafin yana washe baki.

"Na taimake ka. Shafi talatin ba wanda ya ko yi tari. Yanzu ya zama manga."

Na buɗe. Jan biro. Ya bi fangali ya mai da su ramukan wuta, ya sa wa injin ban ruwa haƙora. Ban tsaya ba, na wuce shafi na talatin da ɗaya. Ya soke malfar da gashi tsaye-tsaye kamar ƙaya. Ya ja tabon sara daga goshi ya ratsa idon hagu, ya cike na dama da ja. Dashen da ke hannu ya mai da shi takobi. Kuma dannawa ya yi, har biron ya fito ta bayan takarda. Fensir ana goge shi. Wannan kuwa ko an kankare sai dai takardar ta tafi.

Ban san lokacin da na shaƙe masa wuyan riga ba. Na haɗa shi da bango, na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa mahaluki ba. Na ce jaki ne, makaho mai ido biyu, shekara nawa yana karatun zane bai taɓa kallon fuska ɗaya ba. Ya yi ta dariya da fari, yana jiran in saki mu tafa. Da ya ga ina kuka sai ya daina dariyar.

"Kai! Sake shi!" Inna ce ta daka mini tsawa. "Mi na ka gani haka? Taubashin naka? A kan takarda? Wanga gida ba a fushi da taubashi, ko ubanku bai yi ba. Ba shi haƙuri yanzu."

Ni zan ba shi haƙuri! Kun ji fa. Shi ya ɗauka, shi ya ɓata, ni ne mai laifi don na ji zafi. Shekara ashirin da wani abu ina haɗiye wannan magana, ranar dai ta ƙi wucewa. Na ɗauko littafin a ƙasa, na ajiye mata shi a buɗe a kan faifan shinkafar.

Inna ba ta san manga ba, ba ta san dama ko hagu ake farawa ba. Ta dube shi a yatsine za ta ture, sai hannunta ya tsaya. Ta jawo shi kusa. Ta sa tafin hannunta na hagu ta rufe gashin da idanun, ta sa na dama ta rufe takobin. Abin da ya rage tsakanin hannuwanta biyu ɗan kaɗan ne: baki, gemu, da wuyan nan a karkace.

"Malam ne," ta ce a hankali.

Taubashina ya leƙo ta kafaɗarta. Na ga lokacin da ya gane kawunsa. Ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Ban tausaya masa ba, kuma har yanzu da nake rubuta wannan ban tausaya masa ba.

Kaji suka zo suna tsattsagar shinkafar a gefen faifai, Inna ba ta kore su ba. Aka kira la'asar. Matar da ban taɓa ganin kiran salla ya same ta a zaune ta ƙara minti ɗaya ba, ta ɗago ta dube ni.

"Zo ka riƙe mini wurin nan," ta ce, "in yi alwala. Kada ka ɗaga hannunka sai na dawo."