Ranar da Turame Suka Yi Shiru a Falanko

A ina mutumin nan yake ganin abubuwan da ba a ƙera su ba tukuna? Na zauna da shi har Allah ya karɓi abinsa, ban samu amsar ba. Ni ko baƙi ban sani ba. Wannan ma faɗa nake ana rubuta mini, ina yi ina share hawaye.

Shekarun baya, bayan babban farin da ya cinye dabbobin Damargu, maigidana yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Falanko. In ya taso, sai ya zauna yana rubuta labaran zamanin da bai zo ba: raƙumin ƙarfe da ba ya shan ruwa, rijiya mai magana, gari a ƙarƙashin rairayi. Mazan gari suka sa masa suna Mai Raƙumin Ƙarfe. In ya wuce sai su kira shi Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, su ce, "Mushe, yau raƙumin ya ci kusa ko?" Su kwashe da dariya.

Ni ce ma'auninsa. Da la'asar in na fara daka, sai ya jawo tabarma kusa da turmi ya fara karanta mini. In taɓarya ta tsaya a hannuna, ya ajiye shafin. In na ci gaba da daka, ya yage shi.

"Malam, ai ina ji," nakan ce.

"Kunnenki na ji, Uwargida. Hannunki nake tambaya."

Tuwonmu ya sha yin latti saboda haka. Mahaifiyarsa har ta ce ba ta taɓa ganin gidan da ake cin labari a kwana ba.

Wanda ya fi wahalar da shi shi ne labarin mutanen Damargu da ƙasa ta bushe musu, suka shiga jirgi zuwa wata tauraruwa. Cikinsu akwai tsohuwa da ta ɗaure irin gero a gefen zanenta, yunwa ta kama jirgin, kowa yana roƙonta ta kwance, ta ƙi. Da ya gama ya aika gidan rediyo a Damagaram, ya ce mini, "In garin nan ya yi wa wannan dariya, na ajiye alƙalami har abada." Na san ba wasa yake ba.

Ranar da za a karanta, la'asar ce. Rediyon garin ba su da yawa, amma masu su sukan ɗora a kan katanga su ƙure murya. Maigidana ya kasa zama. Ya tsaya a ƙofar gida, hannu a baya. Ko'ina turame ne, dum, dum, kamar kullum.

Aka fara. Jirgi ya tashi, ana daka. Yunwa ta shiga, sai turmin maƙwabciyata ya yi shiru. Sai na bayan masallaci. Da aka zo inda tsohuwa ta durƙusa a baƙuwar ƙasa tana kwance gefen zanenta, wallahi babu taɓarya ɗaya da ke motsi a Falanko. Kukan kurciya kawai kake ji. Mu da muka ɓoye iri a shekarar fari, yaranmu na kuka, mun san tsohuwar nan.

Maigidana ya juyo, idonsa ya cika. "Kin ji?"

"Ba na jin komai, Malam."

"Shi nake nufi!"

Washegari ɗaya daga cikin masu tsokanarsa da zancen cin kusa ya zo da kansa yana tambaya, "To, geron ya tsiro kuwa?"

Daga nan aka buga littattafansa, ana karanta su a ajin yaƙi da jahilci daga Tanut har Belbeji. Amma bai taɓa aika shafi ba sai ya bi ta turmina. Har yau in an ce marubuci ne, ƙirjina yakan cika. Ban iya karanta ko layi ɗaya nasa ba, amma babu layin da ban auna ba.

Ranar da zai rasu, jikinsa ya yi nauyi, muryarsa ta dushe. Ya yafuto ni, na sunkuya. Ya yi murmushi ya ce:

"Uwargida, ɗauko taɓarya. Akwai wani sabo a kaina."