Babi Ukun da Malama Juwairiyya Ba Ta Karanta Ba

Duk wanda ya yi firamare a Tudun Wada kafin shekarar dubu biyu, da wuya bai ratsa ta ajin Malama Juwairiyya ba. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da Hausa. 'Yar tela ce, a jikin tsofaffin jaridun da mahaifinta yake yanka samfurin riga ta fara haɗa baƙi. Kafin waya ta shigo, ita ke karanta wa matan unguwa wasiƙun mazajensu da ke neman abinci a Kudu. Ta san cikin gidaje da yawa, kuma ba a taɓa jin maganar kowa a bakinta ba. Abin da take taƙama da shi a duniya ɗaya ne: ita ce mai karanta wa mutane, ba a karanta mata.

Bayan ta yi ritaya, maigidanta Malam Gwadabe ya rasu, 'ya'ya suka watse Kaduna da Abuja. Sai ta tara ƙawayenta bakwai, ƙaramar cikinsu ta haura sittin, suka buɗe gurup a WhatsApp. Malama ke zaɓar littafi ta tura, a karanta a waya cikin mako, ranar Asabar bayan la'asar a haɗu a tsakar gidanta a yi ta musu a kan zoɓo da soyayyar gyaɗa. Dokarta ɗaya ce, karatu da ido ake yi.

Hajiya Rauda, mai sayar da zannuwan gado a Kwangila, ita ta fi shan faɗa, don ta fi son littattafan da ake karantawa da murya a sa a intanet.

"Kina tankaɗe, wata yarinya na yi miki surutu a kunne, sai ki zo nan ki ce kin karanta littafi?" in ji Malama.

"To ni dai labarin ya shiga, Malama. Ta ido ya bi ko ta kunne, ai ciki ɗaya ya tarar."

Wadda ta fara zargin wani abu ita ce Suzana, tsohuwar nas, ƙawar Malama tun suna 'yan mata a layi ɗaya. Aikin asibiti ya koya mata kallon abin da mutum bai faɗa ba. Ta lura Malama ta daina rubutu a gurup, sai saƙon murya. Ta lura kuma duk littafin da ta zaɓa a 'yan watannin nan, Hajiya Rauda na samun na sauraronsa ba wuya. Wata Asabar ta ga Malama ta tsiyaya zoɓo a gefen kofi, ta share da ƙafa tana ci gaba da magana. Suzana ta ci gaba da tara waɗannan alamu a ranta, don so take ta gane me zai sa mace mai faɗin gaskiya kai tsaye ta koma ɓoye-ɓoye.

Littafin makon da abin ya fashe labarin wani direban tanka ne, Kailani, wanda ya ɓace shekara tara sannan ya dawo gida. Malama ce ta tura shi da kanta. Da aka zauna, ita ta buɗe taro kamar kullum.

"Abin da ya burge ni da yarinyar nan da ta rubuta shi, ta san inda ake tsayawa. Ya dawo, uwarsa ta yafe masa, aka rufe littafi. Ba kisa, ba hawayen banza."

Hajiya Rauda ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Wane ba kisa? Ba tankar ce ta kama da wuta da shi a hanyar Funtuwa ba? Ni da na kwana biyu ban ci abincin kirki ba."

"Kin haɗa da wani littafin ne, Rauda."

"A'a, Malama. Wannan karon saboda gorinki da ido na karanta, har kaina ya yi ciwo. Na sauraron ne ya tsaya a dawowarsa, don lokacin da aka naɗi muryar marubuciyar ba ta ƙara babi ukun ƙarshe ba. Wanda kika turo mana yana da su."

Tana rufe baki ita ma ta gane abin da ta tona: na sauraron Malama ta bi. Malama ta ce wataƙila wayarta ce ta yanke ƙarshen. Babu wadda ta musa, babu wadda ta yarda. Aka tashi tun rana ba ta yi sanyi ba.

Ranar Litinin da hantsi Suzana ta hau keke napep ta dawo. Ta tarar da Malama a kan tabarma sanye da hijabi, ta riƙe waya a gaban fuska tana motsa yatsa kamar mai juya shafi. Suzana ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta sa hannu ta ɗaga gefen hijabin. Siririyar igiyar iyafis ta fito, ta bi ta wuya ta shige kunne.

"Ke ɗaya a gida, Juwai. Wa kike yi wa wasan?"

Malama ta zare abin daga kunne a hankali. "Kaina."

"Tun yaushe?"

"Azumi biyu ke nan. Da farko baƙaƙen ne suka riƙa yin inuwa. Na canza tabarau sau uku. Yanzu fuskarki ma kamar ta bayan labule nake ganinta."

Suzana ta juyar da ita wajen haske, ta buɗe mata ido da yatsa biyu, ta daɗe tana dubawa. "Yanar ido ce, ga ta nan fara. Ba likita ba ce ni, amma na ga an cire wa waɗanda suka girme ki, sun tashi suna zare allura. Kin zauna shekara biyu a kan abin da ake yi da safe a sallame ki da yamma. Tsoron wuƙa ne?"

"Na haifi shida, wuƙar me zan ji tsoro?"

"To mene ne?"

Malama ta ajiye wayar a kan tabarma.

"In na je asibiti, takarda za su miƙo mini in cike. Sai in juya in ce wa wani, karanta mini. Suzana, na ga fuskar matan da suke kawo mini wasiƙa. Na san yadda suke sunkuyar da kai. Ina tausaya musu, ashe a raina daɗi nake ji da ba ni ba ce."

"Shi ya sa kika takura wa Rauda."

"Kullum na yi mata faɗa, sai in ji kamar ban fara ba tukuna."

"Takardar ni zan cike, ranar Alhamis. Rauda kuwa ke za ki ji da ita."

Asabar ta zagayo, saura kwana tara a yi mata aikin ido na farko. Matan suka zo a ɗarare, kowa na hirar zafi da wutar lantarki. Malama ta bari aka zauna, sannan ta faɗa musu komai a taƙaice, ba ta nemi a tausaya mata ba. Ta juya inda take jin ƙamshin turaren Hajiya Rauda.

"Hajiya, na ci zalinki. Ki yafe."

"Na yafe, amma sai na rama kaɗan. Wace mai karatun kike saurara? Mai shaƙaƙƙiyar muryar nan?"

"Ita. Tana cinye wasali kamar ana korar ta."

"Ai sai ki tambayi manya. Akwai wata da ta fi ta, zan tura miki."

Malama ta miƙa mata wayarta. Hannun ya ɗan tsaya a hanya kafin ta saki.

"Karanta mini babi ukun nan. Ina so in ji yadda ta kashe shi."

Hajiya Rauda ta gyara tabarau, ta yi gyaran murya, ta fara. Malama ta sunkuyar da kai tana saurare. Ba a yi layi biyar ba ta ɗago.

"Akwai aya a wurin, Rauda. Tsaya ki numfasa, sannan ki ci gaba."