Sarkin da Bai Daina Waƙa Ba

A Mawashi na tashi, a hannun kakata Dije, mahaifiyar babana. Idan an gama girbi, da an idar da sallar isha'i takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana: "Angona, matso kusa mana, ko fushi kake don ban sa maka nama a miya ba?" Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe gare ku." Mu ce, "Ta iso, muna ji."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta Gauraka. Wai tsuntsaye suka naɗa shi sarki. Da safe ya raba rigimar sheƙa da ta tsaba, da rana ya je wurin wata tsohuwar shamuwa yana koyon waƙoƙin kakanni, da yamma kuma ya hau reshe ya ƙaga tasa. Hankaka ya ce, "Sarki da waƙa? Wanga ai zubar da girma ne." Gauraka ya ci gaba da waƙarsa.

Sai aka yi fari, tafkuna suka ƙafe. Shamuwa ta riga ta mutu, amma cikin tsohuwar waƙarta akwai kwatancen wani tafki mai nisa. Gauraka ya shige gaba yana rerawa, suna biye. A tsakiyar hanya ƙananan tsuntsaye suka gaji, suka ce su nan za su mutu. Nan take ya ƙaga sabuwar waƙa, ya sa sunan kowannensu a ciki. Kowa na son ya ji an zo kan sunansa, haka suka yi ta kaɗa fiffike har suka hango ruwa.

"Shi ko Hankaka," in ji Kaka tana ɓare dankali, "shi ya fara tsoma baki, ko sannu bai ce ba."

Da na girma na karanci adabin Hausa, na shiga koyarwa, ina bin ƙauyuka ina nazarin tatsuniyoyi, ina kuma rubuta gajerun labarai. Ranar da aka ba ni shugabancin wata sakandare a Kankia, wani dattijon malami ya ja ni gefe. "Malam, yanzu kai ne uban makaranta. Ka ajiye labaran nan, kujera ba ta son mai raba hankali." Ba ƙarya ya yi ba. Rufin azuzuwa na yoyo, malamai ba su isa ba, iyaye na sallama tun da sassafe. Zangon farko ko layi ban rubuta ba.

Amma yara da yawa ba su iya karatu ba, kunya ta sa wasu sun fara guje wa aji. A nan tatsuniyar Gauraka da Kaka ta ba mu ta dawo mini. Na fahimci abin da mutum ya koya da abin da ya ƙaga ba kishiyoyin shugabancinsa ba ne, su ne guzurinsa ranar da tafiya ta yi tsanani. Na ce kowane yaro ya karɓo tatsuniya daga gida. Na riƙa rubuta su da Hausa mai sauƙi, da sunayen yaran da na ƙauyukansu a ciki, muna karantawa tare kowane mako.

Akwai Hadiza, yarinya daga Sukuntuni, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Wata safiya ta tsaya gaban dukan makaranta, ta karanta tatsuniyar kakarta har ƙarshe. Sai da na juya baya na share ido.

Yanzu Hadiza tana kwalejin horon malamai, Hausa take karantawa. Kwanan baya ta zo ofishina da labarinta na farko, ta durƙusa ta ce, "Baba, ka duba mani, kada ka ji tausayina." Na ture aikin ofis gefe, na ɗauki jan biro.