Ranar da Taɓare Suka Yi Shiru

A unguwar Sabo ta Ibadan aka haife ni, inda babu gona, sai rufin kwano mai tsatsa da ƙugin motocin unguwar Mokola. Ƙauye kuwa a bakin Iya, mahaifiyar babana, na fara ganinsa. Daga ƙasar Damagaram ta zo, zamanin mulkin Faransawa. Bayan magariba takan zauna gaban murhu tana gasa mana masara, mu jikoki mu kewaye ta.

"Ku matso, yau mai zafi na zo da ita," in ji ta. "Kai maigidan, rufe baki kada ƙuda ya faɗa."

Wani babban baƙo ne daga birni ya sauka wani ƙauye don ya huta, ya more kallon tuddan rairayi da inuwar gawo. Wurin ya yi masa, sai dai dakan asuba yana hana shi barci, don haka ya sa aka hana daka. Wata mai goyo ta saci jiki ta daka ɗan gero don kunun ɗanta marar lafiya. Yaran baƙon suka fasa turminta, suka ƙona taɓaryar a gabanta. Ɗan nata kuwa bai tashi ba.

Abin da baƙon bai sani ba shi ne, tuddan ƙasar nan duk kamarsu ɗaya. Idan mutum ya ɓata a daji, mata kan taru su yi ta lugude, ya bi sautin har gida. Wata rana ya fita shan iska shi kaɗai, guguwa ta shafe sawunsa. Yaransa suka zo suna roƙo a buga turmi. Matan suka zauna, kowace da taɓarya a cinya.

"Iya, sun ji kiransa?" na tambaya.

"Sarai suka ji shi, maigidan, har muryarsa ta dushe. Suka ce doka ce, kuma wanda ya kafa ta bai dawo ya janye ba."

Bara aiki ya kai ni Faransa, na yi hutun ƙarshen mako a wani ƙauye, irin wanda mutanen birni ke kama tsofaffin gidajen manoma don kallon shanu da gonakin inabi. Dattijuwar da ta sauke ni ta ce wasu baƙin kan yi ƙorafin cewa zakara da ƙararrawar coci suna tashinsu da sassafe. Dariya ta yi. Ni ban yi ba, domin nan na tuna cewa wannan ce kaɗai tatsuniyar da Iya ba ta taɓa rufewa da cewa ƙarya ce ba.

Na yi karatu, na kuma san barin mutum ya halaka ba daidai ba ne. Na binciki zuciyata ko zan sami tausayin baƙon nan, ko da ƙanƙani. Ban samu ba. Shekarata hamsin, amma har yau ina zaune cikin matan nan, ina jin kiransa, hannuna bai motsa ba.