Malam Dabo da Turbar Gidan Rimi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, Allah ya karɓi ran Malam Dabo, manomi a ƙasar Makoɗa, bayan jinyar ciwon ƙirji. Na ji wasu a wurin zaman makoki suna cewa ya kai casa'in. Ban samu wanda ya tabbatar min da haka ba. 'Yarsa Sauda ta ce ya haura saba'in, kuma a nan zan tsaya.

Baba, ni ba ɗanka ba ne, ba kuma jikanka ba. Ɗan Gidan Rimi ne ni, 'yar unguwar da ke bayan gonarka, wadda ba ta da hanyar fita sai turbar da ta ratsa tsakiyar gonar. Ta nan iyayenmu mata ke kai niƙa, ta nan ake goyo marar lafiya a babur zuwa bakin titi, ta nan na bi na yi firamare har na je jami'a na dawo bara. Akwai wata hanyar ta bakin rafi, gaskiya ne, amma da ruwa ya zauna rafin ke cinye ta sai kaka.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane abin da ka yi ba. A nan gona na manne da gona, babu daji, babu saura. Kowace damina mai huɗa kan ɗan matso da kunyarsa cikin turba, ya ce ai kaɗan ne. Kai kuwa da an gama huɗa sai ka cika mangala, ka ɗora wa jakinka, ka kora shi tun daga bakin titi har ƙofar unguwarmu, fartanya a kafaɗa. Duk inda mangala ta gogi shuka, sai ka rushe kunyar. Ba ka duba ta wane ce. Na gani da idona shekarar da ka rushe ta babban ɗanka Kamilu, gero har ya kai gwiwa.

"Baba, a wannan tsadar abinci?" in ji shi.

Ka ce, "Tsadar ta hana mai naƙuda fita ne? Matsa min, jaki zai wuce."

Ba wannan kaɗai ba. Ka hana a dasa ƙaya a gefen turbar saboda masu tafiya ba takalmi. Awakinmu sun sha yi maka ɓarna, ba ka taɓa kai ƙararmu wurin mai unguwa ba, sai dai ka aiko a ce wa innata ta ɗaure akuyarta ko ka ɗaure ta ita.

To amma Baba, Allah ya gafarta maka, ka bar mu cikin wahala, kuma ba zan ɓoye ba. Tun da na dawo nake roƙonka ka tara liman da dagaci da 'ya'yanka, ka furta a gabansu cewa turbar nan waƙafi ce, ba ta cikin gado. Ni ba lauya ba ne, ilmin ƙasa na karanta. Iyakar abin da na sani, in magana ta kai gaban alƙali shaidu zai nema, ba zai tambayi jaki ba. Dariya ka yi min.

"Uwaisu mai digiri, wa zai toshe hanyar da kakansa ya bi? Zauna ka sha fura."

Na sha furar, na sake komawa, ka sake ba ni wata. Haka muka yi ta yi har ka kwanta.

Yanzu ga shi. Tun ba a yi sadakar bakwai ba maganar rabo ta taso, don kowa na so ya shuka nasa kafin ruwa ya sauka. Kamilu ya ce turba aro ce, mai ba da aron kuma ya tafi. Ban ce mugu ba ne. Yana da iyali masu yawa, buhun taki ya gagari talaka, kunya guda abinci ce a bana. Wanda na fi jin haushi mu ne, mutanen Gidan Rimi. Ta turbar muka bi muka je gaisuwa, muka cika tabarmi, muka yi ta lissafa alheranka. Da liman Malam Abdussalam ya tambaya ko akwai wanda zai shaida cewa hanyar ta girmi masu gadon, sai kowa ya sunkuya. Wannan yana jin kunyar Kamilu, wancan yana ƙwadago a gonarsa. Tsofaffin da suka san asalinta suka yi shiru, sai ni da aka haifa jiya na yi magana, aka ce yaro ya bari manya su gama.

Daga cikin gida maganar ta fito. Sauda ta aiko wa liman cewa a ba ta kasonta a inda turbar take, a lissafa hanyar cikin nata. Ban ji da kunnena ba, liman ne ya faɗa a bainar jama'a, Kamilu kuma ya amince nan take. Sauda mace ce, rabin na namiji za ta samu. Mijinta ya rasu, marayu take riƙo. A cikin wannan ɗan rabin ne za a yanke wa unguwa guda hanya, alhali da ka buɗe baki sau ɗaya, Baba, da an cire ta tun kafin a raba wa kowa.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sa duk ƙafar da ta taka gonarka ta zama shaida a gare ka ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Kaltume, da Kamilu da ƙannensa, da jikoki baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya haɗa kanku.

Ke kuwa Yaya Sauda, na zo ƙofarki don in yi miki gaisuwa, na kasa shiga. Hanyarmu ta tsira, hatsin 'ya'yanki ne ya ragu. Allah ya jiƙan Baba, ya ciyar da marayunki, mu kuma ya yafe mana shirun da muka yi.