Jan Zare a Wuyan Kwalba

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci gonarmu ta wajen Maradun, muka dawo Talata Mafara ni da Inna, muka raɓa gidan yayanta, Kawu. Inna da tari ta zo, bai kuma sake ta ba.

Akwai wani mai kemis a bakin kasuwa. Ya yi karatun haɗa magani, takardar shaidarsa na rataye cikin gilashi yadda duk mai shigowa zai gani. Maganin mutane yake sayarwa, da na dabbobi, don ran Talata, ranar kasuwa, makiyaya sun fi kowa ciniki. A lokacin kowa da kwalbarsa yake zuwa. Ka dire ta kan tebur, ka faɗi abin da kake so, ka shiga kasuwa, in ka dawo ka ɗauka.

Na dire kwalbar lemo wankakka, na ce maganin tari. Da na dawo yana hira da wasu ma'aikatan dam. Bai ko dube ni ba, ya miƙo. "Cokali biyu, bayan abinci."

Inna ta ce yana da wari. Na ce mata haka maganin boko yake. Bayan azahar ta sha. Kafin magariba mun rufe ta da zane.

Washegari wani makiyayi daga wajen Bakura ya zo kemis da kwalba irin tawa, yana faɗa. Ya ce ya zuba a ruwa ya wanke shanunsa, kaska ko motsi ba ta yi ba, sai ƙuda da ke binsu saboda zaƙi. A gaban mutane ya faɗa. Haka gari ya san abin da Inna ta sha.

Na tafi ofishin 'yan sanda. Wani saje mai furfura ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce doka ta san wannan, sakacin da ya kashe rai laifi ne, mai takarda kuma ya fi kowa shiga ciki. Amma sai dangi sun tsaya sun ba da shaida. Ya ce in dawo da babbanmu bayan sadakar uku.

Ran sadakar uku mai kemis ya riga ni. Ya zo da farar riga, da liman, da dattawa, da buhun gero a bayan mota. Ya durƙusa gaban Kawu yana share idon da ban ga ruwa cikinsa ba.

"Baba, ƙaddara ta biyo ta hannuna."

"Tashi, ɗana," in ji Kawu. "Kwana nata ya ƙare. Mun yafe, duniya da lahira."

Na ce, "Kawu, ni ban yafe ba."

Ya juyo a hankali. "Kai wa? Ƙanwata ce tun ba a haife ka ba. Gulbi ya ci gonarku, wa ka kai ƙara? Sai wanga bawan Allah?"

Aka shafa fatiha. Da na koma wurin saje ni kaɗai, ya ce ya ji labarin Kawu ya yafe, ya yi mini ta'aziyya kawai.

Kemis bai rufe ko yini ɗaya ba. Abin da ya sake kawai, mai kemis ya riƙa ɗaura jan zare a wuyan kwalbar maganin shanu. Na sha jin mutane a kasuwa suna yaba masa, wai mutum ne mai lura.