Dutsen da Baba Ya Hau

A Roni kowa ya san dutse. Muna buɗe ido shi muke gani a bayan gari, kuma duk wanda ya taɓa bin akuya ya hau shi da tsakar rana ya san yadda yake gasa tafin ƙafa. Shi ya sa babu wanda ya yarda da Baba.

Baba tsohon soja ne, mai muƙamin kofur. Lokacin yaƙin Turawa an kai su ƙasar Kenya, aka kafa musu sansani kusa da wani dutse mai farin kai, rani da damina. Wasu hafsoshi biyu suka ce sai sun hau, aka zaɓi masu ɗaukar kaya, har da shi. Tun ina ƙarama, wajen shekarun samun 'yancin kai, na haddace tafiyar nan kamar da ni aka yi.

Ya ce da farko daji ne mai duhu, ga kashin giwa a hanya yana tururi, ga ɓauna, ga wasu birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa. Daga nan sai kurmin gora. Da suka ƙara sama itatuwa suka ƙare, sai wasu tsirrai kamar an ɗora kabeji a kan turmi. Numfashi ya yi wuya, kai yana sarawa, taku kaɗan sai mutum ya tsaya. A can ya ga rema, irin namu na bayan gari sak, sai dai gashinsa ya fi kauri. Ya ce sai da ya yi masa sallama, don ji ya yi kamar ya ga ɗan gida.

Wata asuba ya ɗauki buta zai yi alwala, ya tarar ruwan ya zama dutse, sai taimama ya yi. A ranar suka isa bakin ƙanƙarar da ta sa kan dutsen fari, shimfiɗe tsakanin duwatsu kamar kogin da aka ce ya tsaya. Turawan suka ɗaura igiya suka wuce, masu kaya suka jira. Baba ya ɓantari guntu ya sa a gwangwani, wai zai zo da shaida. Kafin su sauko ta zama ruwa.

To, a nan ake fashewa da dariya a zaure. Abokansa su ce, "Haba Kofur! Wanda ya hau sama ai rana ya kusanta. Nan dutsenmu ma ƙona mutum yake yi, balle wanda ya taɓo gajimare." Yayana ya taɓa kawo littafin makaranta mai hoton dutsen, suka ce ai Bature ba abin da ba ya zanawa. Abin har ya zama sara: in yaro ya shara ƙarya sai a ce ya hau dutsen Kofur. Wallahi na sha dambe a bakin rijiya a kan maganar nan, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Dariyar zaure ba ta dame shi sosai ba. Ta Inna ce take ci masa rai. Tana son mijinta, amma mace ce da ba ta iya yaudara, sai ta ce, "Malam, ni dai na san yunwa da wahala suna sa mutum gane-gane." Sai ya yi murmushi kawai. Sannu a hankali ya daina ba da labarin. Sai dai duk damina, in aka yi ruwa da ƙanƙara muka fita muna tsinta muna tsotsa, shi ɗaya tak yake ɗauka. Ya sa ta a tafin hannu, ya zuba mata ido har ta narke.

Da arzikin mai ya shigo, yayana ya samu aiki a Kano, ya biya musu kujerar Makka. Lokacin ƙafafun Baba sun ƙi, ido ma ya yi rauni, sai Baba ya ce a tafi da Inna ita kaɗai. Na baro ɗakina a Kazaure na zo jinyarsa. Wata rana ina shafa masa man zafi ya ce, "Kin san ban taɓa yi wa uwarki ƙarya ba? Ina gudun in mutu tana ganin na yi." Na ci gaba da shafawa.

Ranar da alhazai suka dawo gidanmu ya cika. Mata suna guɗa, yara suna jiran dabino, tsofaffin abokan Baba sun jeru a zaure ana jiran a ji labarin Ka'aba da Madina. Inna ta sauko daga mota, ko ruwa ba ta sha ba, ta durƙusa gaban tabarmarsa.

Ya ce, "Hajiya, sannu da hanya. An sauke farali?"

Ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam. Amma akwai maganar da na riƙo tun ranar da muka tashi, bari in sauke ta tukuna." Ta ɗaga murya yadda duk zauren zai ji. "A jirgi, bakin taga aka zaunar da ni. Muka hau har gajimare ya koma ƙarƙashinmu, rana ƙiri-ƙiri, ina jira mu soye. Sai na ga wani farin abu yana tsirowa a jikin gilashin. Na ɗora hannu, sanyi ƙalau! Na tambayi yarinyar jirgin, ta ce ƙanƙara ce. Malam, ashe sama sanyi ne da ita. Ka yafe mini."

Wani tsoho ya soma gyaran murya, ta juya ta ce, "Ko ni ma na hau dutsen Kofur ne?" Ba wanda ya tanka wa mai fitowa daga ƙasa mai tsarki.

Baba ya lalubo hannunta ya ce, "Da wanne kika taɓa?" Ta miƙa masa na dama. Ya riƙe a gaban mutane, abin da ban taɓa gani ba a gidanmu, hawaye yana bin gemunsa. Ni kuwa na shige ɗaki na yi kukana son raina.

Bai kai damina ba. Da aka yi ruwan farko mai ƙanƙara, jikoki suka fita tsinta, sai ga Inna ta fito tsakar gida da kayan takaba. Ta sunkuya ta ɗauki guda ɗaya, ta sa a tafin hannun nan na dama, ta tsaya a cikin ruwan har ta narke.